Kwali da makulli: littafin aikinmu na tura shiri daga waya zuwa waya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ƙanena ne ya matsa in fara rubuta abin da muke yi, don ya gaji da tambayata me muka gwada makon jiya ina kame-kame. Mu uku ne a aikin: ni, da shi, da wani abokin karatuna da yanzu yake editan finafinai a wani ofis a Zoo Road, nan Kano. Shi ya haɗa mu da Alhaji, furodusan da ke da shirin. Shiri ne mai dogon zango, kowane kashi minti 45, yana hawa YouTube duk mako.

Kukan Alhaji bai wuce biyu ba. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, amma tallar da ake nuna wa mai kallo a Kurna ko Ɗorayi ba farashinta ɗaya da wadda ake nuna wa na Landan ba. Na biyun ya fi ci masa rai: da yawan masu kallonsa ba sa ma leƙa YouTube ɗin. Mutum ɗaya zai sauke, masu tura finafinai su ɗauka, kafin la'asar kashin ya zaga gari, shi ko sisi. Yana so a yi masa manhajarsa, a biya a kalla.

Na yi lissafi a bayan wata takardar rasit. Kashi ɗaya a 480p, kilobit 700 a daƙiƙa, ya kama mega 236. In mutum dubu 20 suka kalla, giga 4,720 ke nan. Manyan kamfanonin da ke ba da hayar uwar garke, wato kwamfutar da ake ajiye bidiyon kowa ya ɗiba daga cikinta, suna karɓar wajen santi 9 na dala a kan kowace giga da ta fita. Dala 425 a kashi guda, ga dala ta haura naira 1,500. Sama da naira dubu 600 duk mako, ba a sallami ɗan wasa ko ɗaya ba. Daga nan na fara tunanin P2P, wato masu kallo su riƙa miƙa wa juna bidiyon daga waya zuwa waya. Me zai sa kowa ya je har Turai ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, bayan maƙwabcinsa ya riga ya cika randa?

Laraba, 22 ga Janairu

Shekaranjiya hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Na ji labarin, na ɗaga kafaɗa, na ci gaba da karatuna.

Kwana goma ina kan BitTorrent, wanda Bram Cohen ya fitar a 2001. Dabarar mai sauƙi ce, shi ya sa ta yi ƙarko. Ana yanka fayil gutsi-gutsi, kowane gutsure da hatiminsa na lissafi, yadda in wani ya ba ka gurɓatacce wayarka za ta gane ta zubar. Kana sauke wani gutsuren kana miƙa wanda ka riga ka samu. Wanda ya fi ba ka, shi kake fara ba wa, ba ni gishiri in ba ka manda. Sannan kowa na fara neman gutsuren da ya fi ƙaranci a cikin jama'a, don kada mai shi ya kashe kwamfuta ya tafi da shi.

Wannan ƙa'idar ta ƙarshe ce ba ta dace da kallo kai tsaye ba. Mai kallo minti na uku yake buƙata bayan na biyu, babu ruwansa da wanne ne ya yi ƙaranci. Masu yi a burauza sun sami mafita: ana yanka bidiyon ƙanana-ƙanana na 'yan daƙiƙoƙi da tsarin HLS na kamfanin Apple, abin da ake buƙata yanzu-yanzu a ɗauko daga uwar garke, na gaba kuma a nema wajen sauran masu kallo ta WebRTC, fasahar da ke haɗa burauza da burauza kai tsaye. Haka PeerTube ke yi, wani tsarin ɗora bidiyo irin na YouTube wanda ƙungiyar Framasoft ta Faransa ta saki cikakkensa a 2018, kyauta. Shi muka ɗora don gwaji.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Waya shida da kwamfuta ɗaya, duk a kan Wi-Fi ɗin ɗakina. Ya yi. Muna kallon allo muna ganin wayoyin suna miƙa wa juna, uwar garke na hutawa. Ƙanena har da tafi. Muka aika aka sayo tsire.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Tsiren nan mun ci shi da wuri.

Mun raba gwajin a gari, kowa da datarsa: ni a Gwammaja, ƙanena a Kabuga, edita a Zoo Road, ƙanwarmu a gidan mijinta a Hotoro, da wasu abokai huɗu. Kusan duk abin da aka kalla daga uwar garke ya fito. Wayoyin sun ƙi ganin juna.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ni ne na tsallake shafin. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbunsa ya ƙare tun 2011. Don haka kamfanonin waya suna tara ɗimbin masu layi a bayan adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne mai ɗaki ɗari da ƙofa ɗaya: na ciki zai iya fita ya yi sallama a wani gidan, amma baƙo ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. In duka biyun 'yan gidan haya ne, sau da yawa sai an sami ɗan aike a tsakiya, wato wata uwar garken da ake kira TURN, komai ya bi ta kanta. To in komai zai bi ta kwamfutar da nake haya, me na rage?

Wannan duk da sauƙi. Da magariba ƙanwarmu ta kira.

"Yaya, wai me ka sa min a waya ne? Datar da Abban su Ummi ya saka min jiya ta yi ƙasa, ni kuma rabin shirin na kalla."

Ita ce kaɗai wayarta ta dace da ta wani, ta yi ta miƙa masa. Kamfanin waya kuwa bai bambanta abin da ka sauke da abin da ka tura ba, duk a jikin datarka yake yanka. A ƙasashen da aka ƙirƙiro wannan abu, mutum na biyan kuɗin intanet na gida a wata, ya tura ko bai tura ba duk ɗaya. Mu nan awo muke, mudu-mudu. Na tura mata kati, na ba ta haƙuri.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na koma na karanta yadda waɗanda suka riga mu suka ƙare, abin da ya kamata in fara da shi.

Niklas Zennström da Janus Friis, waɗanda suka kafa Skype, sun buɗe Joost a 2007 da nufin yin talabijin ta P2P. Kuɗi sun samu, suna suna da shi. Kafin ƙarshen 2008 sun ajiye manhajar sun koma burauza kamar kowa, a 2009 aka sayar da abin da ya rage. BBC ta fara iPlayer, manhajarta ta kallon shirye-shirye, da P2P na kamfanin Kontiki wajen saukewa, ta cire shi a Disambar 2008. Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, ta yi amfani da shi tun farkonta, ta bari a 2014. Ba fasahar ce ta ƙi aiki ba. Kuɗin tura bayanai daga uwar garke ne ya yi ta faɗuwa har wahalar ta daina biyan kanta. Inda ya rage da ƙarfinsa shi ne cikin manyan ma'aikatu, inda ɗaruruwan ma'aikata ke kallon jawabi ɗaya a lokaci ɗaya a kan layi ɗaya. Don haka Microsoft ta sayi Peer5, kamfanin da ke wannan aikin, a 2021.

Sai kuma abin kunyar. Edita ya nuna min wani kamfani a Jamus da ke haɗa tera 20 na fita a cikin kuɗin hayar wata, kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Giga 4,720 sau huɗu bai cika tera 19 ba. Wato dubu 600 ɗin da na tsorata Alhaji da ita, farashin kantin masu kuɗi na duba. Wata ɗaya da rabi ina gina gada a inda babu kogi.

Tsadar tana nan, amma ba a aljihun Alhaji take ba. Tana wajen matar da za ta kashe mega 236 duk mako, bayan kuɗin kallon da muke so ta biya. Ƙarin da na ɗaga wa kafaɗa a Janairu, ita ya sauka a kai.

Talata, 11 ga Maris, 11 ga Ramadan

Azumi ya rage mana gudu. Kwana uku ina zama a shagon wani mai tura finafinai a unguwarmu, daga bayan azahar zuwa dab da shan ruwa. Na ce masa ina so in ga yadda ake sana'ar ne, ya dube ni kamar ma'aikacin hukuma, sai da yayansa ya ce ai ɗan gidan wane ne sannan ya saki jiki.

Kwamfuta ɗaya ce, da hadis guda uku, da igiyoyin caji sun fi ashirin, da ƙaramin sola a saman rufi. Yara na zuwa da wayoyin iyayensu mata, wani da memori a ƙulle a leda. Wannan watan tafsiri da wa'azi sun fi tafiya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne bai sauke ko kashi ɗaya cikin goma na kayansa da kansa ba. Akwai wanda yake karɓa a wajensa a Farm Centre, shi ma wancan yana da nasa. Wanda aka tura wa kuma yana isa gida zai kunna Xender ya ba matar wansa, ita ta ba maƙwabciya. Kashi guda bai cika minti ɗaya ba ya haye, babu data ko ta kwabo.

Na tambaye shi yadda yake sanin abin da zai ajiye da abin da zai goge.

"Malam, abin da aka tambaya sau uku a yini ba a goge shi. Wanda ya yi sati ba a nema ba, ya ba wani wuri."

Manyan kamfanoni injiniyoyi suke biya su rubuta musu wannan ƙa'idar. Netflix ma tun 2012 take kai akwatunanta cike da finafinai tana ajiyewa a wajen kamfanonin intanet, don kaya su kwana kusa da mai kallo. Abin da nake ta faman ƙirƙira a ɗaki, Kano ta daɗe da gina shi da hannunta, har da masu iri da masu rarrabawa. Abu ɗaya ne babu a ciki: hanyar da kuɗi zai bi ya koma wajen mai shirin.

Alhamis, 27 ga Maris

Mun je gidan Alhaji bayan tarawihi. Na shirya bayani mai tsawo, ina tsoron kada ya ce mun ɓata masa wata biyu.

Na ce, ranka ya daɗe, mu daina yaƙi da masu turi. Mu kulle kashin, mu ba su shi kyauta, su tura wa duk wanda suka ga dama, wanda aka tura wa ma ya tura. Fayil ɗin ba ya buɗuwa sai a manhajarmu, kuma sai da makulli. Makullin baiti 16 ne kacal, bai kai saƙon tes ɗaya ba. Shi za mu sayar.

Ya yi shiru yana juya kofin shayi. Can ya ce, "Injiniya, shekararka nawa?" Na faɗa masa. Ya yi dariya.

"To ai kwali ka kawo min. Lokacin kaset, mu ba kaset muke sayarwa ba. Ka gama fim, ka buga kwalinsa, ka kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata tare da uwar kaset ɗin. Su za su sayi kaset ɗinsu, su yi ta gurzawa da injinansu. Kai kuɗin kwali kake karɓa. Wanda bai shiga ba a dawo maka da abinka. Kaset ba kwali kuwa, kowa ya gani ya san na sata ne."

Ni da na zo da sunan wani masani ɗan Jafan, Ryoichi Mori, wanda ya kawo wannan shawarar tun shekarun 1980, cewa a bar kaya su yaɗu a karɓi kuɗi wajen amfani, sai na haɗiye abina. Alhaji ya fi ni sanin tsarin, har da inda yake yoyo. Shi ya ce kada mu sa mai kallo ya yi tiransifa, don matar da ke aiko yaro da naira ɗari biyu ba za ta buɗe manhajar banki ba. A sayar wa mai shago makullai a dunƙule da rangwame, kamar yadda ake sarin katin waya, shi ya sayar ɗai-ɗai ya ci ribarsa. Shi ya kuma ce kada kashi ya fita sai da takardar Hukumar Tace Finafinai a hannu, don masu shagon su san ba za a zo a kwashe musu kwamfuta a kanmu ba.

Mun tsaya a naira 200 kowane kashi: 60 ta mai shago, 110 ta Alhaji, 30 tamu. Na so 40. Ya ce in bari jariri ya yi haƙori tukun.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan salla muka duƙufa. Mun watsar da PeerTube, ba don laifinsa ba. Manhajar yanzu abu uku take yi: ta karɓi fayil, ta karɓi lamba, ta kunna. Kullewar da wani tsarin ɓoye bayanai ce mai suna AES-128. Lambar da mai shago zai ba ka tana ɗaure da wayarka, in ka ba wani ba za ta yi masa aiki ba. Mun kunna abin nan na Android da ke hana ɗaukar hoton allo.

BitTorrent bai tafi gaba ɗaya ba. Shaguna biyu da ofishin edita suna da intanet na wata, su muka haɗa suna cika wa juna da dare. Sauran ukun, yaro ne ke kai musu filashi a keke. Ƙanena ya lissafa don tsokana: filashi mai giga 64 a tafiyar rabin awa ya kama megabit 280 da ɗoriya a daƙiƙa. Babu layin da ke unguwarmu da zai kamo ƙafar yaron nan.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Kashin farko ya fita jiya a shaguna biyar. Makulli 140 da 'yan kai suka shiga. Ba yawa, amma kuɗi ne da a da babu shi.

Matsalolin duk ba waɗanda na zata ba ne. Wayoyi da yawa a cike suke maƙil, sai an goge hotunan biki kafin kashin ya sami wuri, kuma ba mai yarda a taɓa masa hotunan biki. Mun fitar da ƙaramin kwafi a 360p. Wasu tsofaffin wayoyin suna zafi suna tsayawa, ga zafin garin kansa. A shago ɗaya an ɗauke wuta tun safe, batirin sola ya mutu kafin azahar. Masu iPhone biyu sun yi mita, na ce su jira YouTube.

Wani dattijo ya tambayi mai shago me ya sa fim ɗin Indiya na awa uku ya fi wannan na minti 45 araha. Mai shago ya nuna ni da baki. Na rasa ta cewa, sai na ce masa wannan masu shi suna Zoo Road, suna jiran kuɗin cefane. Ya biya, amma bai gamsu ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

An fasa. Kashi na uku ya bayyana a WhatsApp ranar da ya fita, a buɗe. Ba kullen aka karya ba. Wani ne ya jingina waya a jikin filo, ya ɗauka da wata wayar. Har kukan akuya ana ji a ciki.

Mun sa lambar mai saye tana yawo a kusurwar hoto, dishi-dishi, don haka cikin minti biyar muka san daga shagon da makullin ya fito. Edita ya ce a yanke shagon. Alhaji ya hana. Ya kira mai shagon da kansa, ya ce masa, "Ɗana, ba na zarginka. Amma ka san wanda ka sayar wa, ni ban sani ba." Washegari aka kawo yaron, ɗan sakandare ne, budurwarsa ya so ya burge. An yi masa faɗa, an bar maganar a nan. Ni da na so a tsananta, amma na lura tun ranar masu shagon suka fara cewa "shirinmu".

Abin da ya fi satar yi mana illa daga cikin gida yake. Alhaji na sakin kashin a YouTube kwana biyu bayan namu. Da ya hau, masu turin da ba sa cikinmu su sauke su sayar a buɗe da rabin kuɗi, cinikinmu ya tsaya cak. Na roƙe shi ya mai da tazarar mako guda. Ya ce masu kallonsa na Saudiyya da Turai su ne tallarsu ke da tsoka, kuma in ya jinkirta za su cika masa waya da ƙorafi. Gaskiyarsa ce, ni ma da tawa. Mun rabu a kan kwana huɗu, za a gwada na wata ɗaya.

Laraba, 28 ga Mayu

Shaguna sun zama tara. Biyu daga ciki su suka neme mu. Kashi na biyar ya haura makulli 400 a cikin kwana huɗun, kuma abin da na fi sa wa ido shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na masu sayen ba a shago aka tura musu fayil ɗin ba. Da shi suka zo a wayarsu, lamba kawai suke nema. Wata mata a Rijiyar Lemo ta sari makulli ashirin, tana sayar wa matan layinsu daga cikin gida, tare da kayan miya.

Aikin da ke gabana: rage nauyin manhajar, don ita ma ta Xender take yawo, gyara matsalar wanda ya canza waya makullinsa ya bi tsohuwar, da shawo kan Alhaji a yi farashin zango guda a dunƙule.

Jiya da daddare saƙo ya shigo layin da muka sa a cikin manhajar, lambar ta fara da +227. Wani ne daga Damagaram. Ya ce direban da ke zuwa Kano ne ya tura masa kashi na huɗu da na biyar da manhajar, ya ga hoton farko amma ya ƙi buɗuwa, kuma su bakwai ne a majalisarsu suke so. Yana tambaya nawa ne a sefa, kuma wa zai ba.

Na tura masa makullin na huɗu kyauta, na ce ya ba ni zuwa Asabar. Alhaji ya ce yana da mutum a Wapa, kasuwar 'yan canji, da ke hulɗa da 'yan Nijar kullum, gobe bayan azahar za mu je mu same shi.